Me za mu ce wa "counseling" da Hausa? Jibi ake ɗaukar shiri

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. An kawo mana sanarwa da Faransanci wadda za ta shiga shirinmu na rediyo na 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma jibi Alhamis za a ɗauki murya. Inda na maƙale: "counseling psychologique à coût réduit pour élèves, étudiants et familles". Wato taimakon masu damuwa, ba da tsada ba, ga 'yan makaranta, ɗaliban jami'a da iyalai. Daƙiƙa 45 gare ni. Masu sauraro iyayen 'yan lakwal ne, daga unguwannin Zariya da Bagalam na Maraɗi har ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji. Na rubuta "ba da shawara" amma ba ta kwanta mini ba.

Umma Zariya: Wa alaikumus salam. Nasiha mana.

Majo: Hajiya, nasiha daga sama take saukowa: babba ya faɗa, yaro ya sunkuyar da kai. Yaron da ya kasa barci saboda jarrabawar BEPC ya sha nasiha a gida har ta ishe shi. In ya ji ta a rediyo ba zai zo ba.

Ma'aikaciyar Jin Daɗi: A fara duba abin da ake yi a ɗakin kafin a raɗa masa suna. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, PM+, zama biyar ne, ɗaya kowane mako, kowanne minti 90, kuma an yi shi ne don manya, irin ɗaliban jami'a da iyaye. Ana fara koya wa mutum jan numfashi a hankali don jiki ya saki. Daga nan shi da kansa zai jero matsalolinsa, ya ɗauki guda wadda za a iya taɓawa, a fayyace ta, ya kawo duk hanyoyin da suka zo masa, ya zaɓi ɗaya, ya faɗi ranar da zai gwada, mako mai zuwa a duba abin da ya faru. Sai komawa ga ƙananan ayyukan da ya watsar, sai neman wanda zai jingina da shi cikin dangi ko abokai. Ma'aikacin da ya buɗe baki ya ce "ni dai in ni ne kai" ya ɓata aikin, don mutum zai ce to, ya fita, ba zai yi ba, kunya kuma ta hana shi dawowa. Saboda haka "ba da shawara" ta faɗi rabin da ya fi ƙanƙanta. Mafi yawan lokacin sauraro ne.

Tsohon Direkta: Ku yara kuna kewaye. Hausa na da ƙirar da ke yin wannan aiki: ilimi, ilimantarwa, faɗaka, faɗakarwa. To, hankali, HANKALTARWA. Mai yi, mai hankaltarwa. Ɗakin, mahankalta. Kalma guda, ta shiga daƙiƙa 45 har da canji.

Majo: Baba, a gafarce ni. In aka ce a kawo yaro a hankaltar da shi, uwa za ta ji an ce ɗanta ba shi da hankali.

Tsohon Direkta: In aka ce a ilimantar da kai, an ce maka jahili ne?

Ɗan Gobir: Wani lokaci e, Baba.

Tsohon Direkta: Ƙira dai daidai take. Kunne ne bai saba ba. Jiya-jiya aka ƙirƙiro "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kuma mutane suka karɓa.

Ɗalibar UDDM: Amma kwamfuta kowa ke cewa, mu nan ma ordinatar. A jami'armu ta Maraɗi, UDDM, in ɗalibi zai je, cewa yake zai ga pisikolog, wato masanin halayyar ɗan Adam. Me zai hana a bar shi haka?

Tsohon Direkta: Ga shi nan. Harshen da aka rubuta waƙoƙi da shi da ajami tun kafin Nasara ya zo, yau sai ya ari kalmar da ma baki ba ya iya furta farkonta.

Ɗan Gobir: Ni abin da ke ba ni haushi ba aron Faransanci ba ne. "Lafiyar ƙwaƙwalwa" daga ina munka samo ta? Daga rediyoyin waje da 'yan Kano. Duk abin da sunka faɗi sai mu ɗauka kamar mu ba mu da baki. Tsohuwa a Tibiri in ka ce mata ƙwaƙwalwa, abin da ke cikin ƙoƙon kai take gani. Damuwa kuwa a zuci take sa ta: ɓacin rai, faɗuwar gaba, baƙin ciki, zuciya ta yi nauyi.

Ɗalibar UDDM: Yaya, ai Katsina ma nan kusa haka suke cewa, kuma Hausarmu guda.

Ɗan Gobir: Katsina daban, Kano daban. Kada a ja ni.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah a dawo. Jibi ne fa.

Majo: Maganar Ɗan Gobir na da amfani ko da ya biyo da ita ta Kano. A CSI, ƙaramin gidan likita, ba wanda ke zuwa ya ce ƙwaƙwalwata ba lafiya. Ciwon kai yake kawowa, da zafin ƙirji, da rashin barci, da kasala. A yi gwajin zazzaɓin sauro, ba komai, a ba shi farasitamol, bayan mako biyu ya dawo. Takardar PHQ-9 da ake auna damuwa da ita tambaya tara ce kan makonni biyu da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci. Barci na ciki, cin abinci na ciki, gajiya, kasa tara hankali wuri guda. To sanarwa ta ambaci waɗannan alamu da sunansu, mutum ya ji kansa a ciki. Kalmar "taɓin hankali" kada ta kusanci shirin. Da an ji ta, tunani ya tafi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, da sarƙa a ƙafa.

Abu guda kuma, kada sanarwar ta nuna kamar zaman yana maganin komai. Mai jin muryoyi, mai farfaɗiya, wanda tiramol ya kama sosai, wanda ya yi maganar kashe kansa, waɗannan gidan likita za a kai su ran nan, ba a jira zaman mako mai zuwa. 'Yan matan da ke faɗuwa a aji ana cewa aljanu su ma a fara duba su a likita.

Ma'aikaciyar Jin Daɗi: A Zimbabuwe, shirin benci na Dokta Dixon Chibanda kakanni mata ne ke zama da mutane a harabar asibiti, kuma kalmar Shona da suke aiki da ita ma'anarta yawan tunani. Mu ma muna da ita: "tunani ya yi masa yawa". Ba mai jin kunyar wannan. Ina ba da "zaman sauraro da shawara". Kalmar "zama" na nuna ana zuwa fiye da sau ɗaya. A ƙara "cikin sirri", don abin da ke hana ɗalibi magana shi ne tsoron labari ya kai ga sirbeyan, mai kula da ɗalibai a lakwal, ko ga uba. A aiki, iyali na shiga tare a farko, sannan a zauna da yaron shi kaɗai, a kuma faɗa masa tun farko cewa sirrin na da iyaka: in rai na cikin haɗari, dole a sanar.

Umma Zariya: To "coût réduit" fa? Araha?

Ɗan Gobir: Araha ba ta ado, Hajiya. Rahusa kuma sai ka ce gwanjon atamfa a babbar kasuwa. "Da kuɗi kaɗan" ya isa.

Majo: In akwai adadi a takardar, a faɗe shi da dala. In an rubuta 500 F, "dala ɗari" za ki ce. Kika karanta "ɗari biyar", mutumin ƙauye zai ji 2.500 F, ya fasa. A kuma bayyana ko kuɗin na zama guda ne ko na duka, ko magani na ciki, don a nan rigima ke tashi a bakin ƙofa.

Tsohon Direkta: "Zaman sauraro da shawara" kalma huɗu. Wannan ba suna ba ne, bayani ne. Kuma a kotu ma ana zaman sauraro.

Ma'aikaciyar Jin Daɗi: Gaskiya ne Baba, kotun ce ta sa "shawara" ta zauna a ƙarshe.

Mai Shirin Lafiya: Ga abin da zan karanta: "Ɗalibi ko iyaye, in tunani ya yi yawa, barci ya ƙi, karatu ya ƙi shiga, akwai zaman sauraro da shawara cikin sirri, wurin ma'aikatan da aka horar, da kuɗi kaɗan." Sunan ranar zan bar shi "lafiyar ƙwaƙwalwa" tunda haka aka saba ji. Ɗan Gobir, yi haƙuri.

Ɗan Gobir: Na yi, amma ban yarda ba.

Ɗalibar UDDM: Mai aikin kuma me za a ce masa? Mai sauraro ai mai jin rediyo ne.

Tsohon Direkta: Yawwa. Ku karanta taku ran Alhamis, ba zan hana ba. In kun zo neman sunan mai aikin, mai hankaltarwa na nan.