Kwaɓi ya tashi, yaro ma ya tashi: yaya kuke yi?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ta bakin masu gasa burodi da kek a gida alhali ga ƙananan yara a ƙafa. Jiya ne karo na uku da na yi asarar fulawa rabin kilo. Na kwaɓa wajen ƙarfe goma na safe, na rufe, na ce bayan awa ɗaya in dawo in mulmula. Sai ɗaya ya farka da kuka, ina cikin lallashinsa ɗayan ya ɓata jikinsa, daga wanka sai abinci, daga abinci sai wani kukan. Ban tuna da kwaɓin nan ba sai ƙarfe biyu. Na tarar ya tashi har ya ɗaga murfi, ya gaji ya koma ya kwanta, samansa duk ramuka, ga wani warin tsami mai hawa kai. Na gasa shi a haka, ya fito fari fat, a baje kamar an zauna a kai. Maigidan ya ci yanka ɗaya ya ce "ba laifi", kun dai san fassarar ba laifi. Don Allah duk wadda irin wannan ta taɓa samu ta faɗa mana yadda ta ɓullo wa abin.

Uwar biyar:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman 'yan biyu, na sha wannan har na gode Allah. Yis abu ne mai rai, ci yake yi yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓin. Da kika bar shi awa huɗu a wuri mai ɗumi, ya cinye sugan da ke ciki tas, shi ya sa bayan burodin ya ƙi yin ja, don sugan ne ke ba shi launi a wuta. Danƙon fulawar kuma ya saki, ba zai iya riƙe iska ba, sai ya zube.

Ni abin da ya raba ni da wannan wahala shi ne firji. Na daina kwaɓi da rana kwata-kwata. Sai yara sun yi barci nake auna fulawa giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, suga da mai cokali ɗaya ɗaya. Yis kuwa, ƙaramin fakitin nan giram 7 ne, ni rabi da ɗan ɗori nake sawa. In murza minti goma, in shafa wa roba mai, in rufe ruf, in tura firji. A sanyin digiri 4 yis ba ya mutuwa, tafiyar hawainiya kawai yake yi. Kwaɓin zai jira ki awa 12, zai jira ki awa 24, ba ruwansa da wanda ya yi kuka. Washegari duk lokacin da gida ya lafa sai in fito da shi, in mulmula, in sa a gwangwani, in ba shi awa ɗaya zuwa biyu ya saki sanyi ya tashi, sannan in gasa a digiri 200 na minti 30 zuwa 35. Har ɗanɗanonsa ya fi na gaggawa.

Kada ki dogara da agogo, yatsa ya fi shi gaskiya. Ki shafa fulawa a yatsa ki ɗan danna kwaɓin. In ya dawo nan take, da saura. In ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, maza wuta. In ramin ya tsaya cak, ya wuce. Kuma ko ya wuce ba a zubarwa: ki danne iskar, ki sake mulmulawa, ki ba shi ɗan lokaci ya sake tashi. Ba zai kai na farko kyau ba, amma ya fi ba laifi.

Amaryar bara:
Anti, ni firjina wata biyu yana kwance. Abin da na koma yi shi ne in kwaɓa da ruwan sanyi, in sa yis kwatan ƙaramin cokali kawai, in ajiye a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Daga dare zuwa safe yake kaiwa. Sau ɗaya ya wuce min, ranar da aka kwana ana zafi.

Baban yara uku:
Ku yi haƙuri na shigo cikin mata, a gidanmu ni ne mai burodin ƙarshen mako. Tawa matsalar kishiyar ta Maman 'yan biyu ce. Wata Asabar ina sauri in gama kafin autana ya tashi, sai na tsiyayi ruwa daga buta bai gama hucewa ba na juye a kan yis. A tunanina zafi zai sa ya yi sauri. Awa biyu ina leƙa roba, kwaɓi yana nan kamar dutse, yara suna ta tambaya "Baba ya tashi?" Ashe na kashe shi tun farko, don yis ba ya tsira idan ruwa ya kai wajen digiri 60. Uwarsu ce ta ce min in riƙa ɗiga ruwan a cikin wuyan hannu kamar yadda ake gwada madarar jariri: in ka ji ɗumi kawai, daidai ne, in ka ji zafi, jira. Yanzu kuma ba na zuba fulawa sai na jiƙa yis da ɗan suga na ga ya yi kumfa cikin minti goma. Wannan aikin na babbar 'yata ne, ita ke zama ta tsare kofin, in kumfa ta taso ta ƙwala min kira kamar an yi baƙo.

Maman 'yan makaranta:
Duk kuna ta maganar burodi, shi ai mai haƙuri ne. Kek ne ba ya jiran kowa. Da zarar bekin fauda, garin da ke sa kek ya tashi, ta ji ruwa ta fara aiki, to in kin haɗa, obin ya riga ya yi zafi, ki zuba ki tura. Saboda haka ni kafin in fasa ƙwai ko ɗaya sai na tabbatar kowa ya ci, kowa ya sha, an canza wa ƙaramar ƙunzugu, gwangwani ya sha bota, obin yana kan digiri 180.

Bari in ba ku labarin ranar da 'yata ta cika shekara takwas. Ta dage ita za ta yi kek ɗinta. Na ba ta wanda ake aunawa da robar yogot don ba ya buƙatar sikeli: yogot roba ɗaya, suga biyu, fulawa uku, mai rabi, ƙwai uku, bekin fauda ƙaramin cokali biyu. Aka buga ƙofa, na fita minti biyar. Kafin in dawo ta gama, har ta goge tebur, tana ta washe baki. Kek ya tashi ya yi duhu fiye da yadda na saba gani, na ce ko wuta ce. Da aka yanka, ƙanenta ya kai baki, ya tsaya, ya kalle ni, ya ce "Mama, sabulu". Ashe gwangwanin bekin soda ta ɗauko, su biyun duk farin gari ne a ido. Soda ta ninka fauda ƙarfi wajen sau uku, kuma sai da abu mai tsami take aiki. Tsamin yogot ɗaya ya ci kaɗan, ragowar ta zauna a cikin kek ɗin da ɗacinta. Yarinyar nan ta yi kuka har da shessheƙa. Laifina ne, ni na jera su wuri ɗaya. Daren nan na ɗaure wa gwangwanin soda jan zare, har yau yana nan.

Sai kuma buɗe obin. Minti ashirin na farko ko ni ba na taɓa ƙofar, don tsakiyar kek bai kama ba, iska mai sanyi na shiga zai lotsa. Na kunna musu fitilar ciki na ce kallo da ido ne.

Ma'aikaciyar jinya:
Maman 'yan makaranta, kallon nan ta gilashi shi ya ja min. Ɗana yana wata goma sha huɗu, ya fara dafa abu yana miƙewa, ya je ya manna tafin hannunsa a ƙofar obin ina tsaye ina wanke kwano, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Duk da aikina ne sai da hannuna ya yi rawa. Na riƙe hannun a ƙarƙashin famfo minti 20 cur yana tsala ihu. Ruwa mai sanyi mai gudana, ba ƙanƙara ba, kuma ba a shafa mai ko man goge baki ko ƙwai. Bayan nan na kai shi aka duba, don ƙuna a hannu ko fuskar yaro ba a zama da ita a gida. Ya warke ba tabo. Tun ranar, in obin na kunne yana kan kujerarsa a ɗaure da cokalin katako a hannu.

Tunda na fara, bari in ƙara: lasar kwanon kwaɓi. Kowa ya san ɗanyen ƙwai, amma ɗanyar fulawa ma tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su salmonela, don niƙa ba dafuwa ba ce. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ko a cikin abin da aka gasa ne.

Kakar yara:
'Yata, maganar ƙuna na karɓa hannu biyu. Ta lasar kwano kuwa, na raini bakwai duk sun lasa, ga su nan da 'ya'yansu. Amma ke kika karanta, ba zan yi musu da ke ba, jikokin dai na daina ba su, sai in ɓoye musu ɗan suga da bota a gefe kafin ƙwai da fulawa su shiga.

Maman 'yan biyu, ke kuma ki daina korarsu daga kicin, kora ce ke sa su manne miki. Ki gutsuro wa kowa kwaɓi kamar girman ƙwai, ki barbaɗa fulawa a tire, ki zaunar da su nesa da wuta. Za su murza shi, su ja shi, ya faɗi ƙasa su ɗauka, har ya koma ruwan toka. Minti ashirin za ki samu ba mai kiran sunanki. Ki dai sa ido kada ya tafi baki. Na ƙasan ki musanya shi da wani a ɓoye, ki gasa musu, su kai wa babansu. Dole ya ci, dole ya yaba.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi ta Uwar biyar daren jiya, na kwaɓa ƙarfe goma sha ɗaya. Yau ban samu kaina ba sai bayan azahar, na buɗe firji gabana na faɗuwa, na tarar da shi ya cika roba yana jirana lafiya lau. Ya yi ja, ya yi ƙamshi, sai dai ƙasan ya ɗan ƙone, ina jin tiren ya yi kusa da wuta. Kakar yara, na gwada taki ma. Ɗaya ya murza nasa shiru kamar yadda kika ce. Ɗayan ya shafe nasa a gashin ɗan'uwansa, yanzu haka da ruwan ɗumi da mataji nake zaune. Akwai wadda ta san abin da ke fitar da busasshen kwaɓi daga gashi ba tare da almakashi ba?