Kekunan haya na jama'a: ta ina za a fara a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana sufuri: tsarin nan da mutum ke ɗaukar keke a wata tasha, ya yi tafiyarsa, ya ajiye a wata tashar daban, yaya ya bunƙasa a ƙasashen waje? In za a gwada shi a Sakkwato, keke nawa da tasha nawa ake bukata?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. A birnin Amstadam na Holan aka fara a 1965, da fararen kekuna marasa makulli. Ba a jima ba aka sace wasu, 'yan sanda suka kwashe sauran. A 1995 Kofanhegan ta Denmark ta kawo na jefa tsabar kuɗi a ciro keke, amma tunda ba a san wanda ya ɗauka ba, satar ba ta tsaya ba. Sai da aka haɗa kowane keke da katin mai ɗauka abin ya kankama: a Faransa, Liyon a 2005, Faris a 2007 da tasha 750. Marakesh ta Maroko ta buɗe nata a 2016. A Sin kuma kamfanonin Ofo da Mobike suka zuba kekunan da ba su da tasha, ana buɗewa da waya, har suka zama tsibi a bakin titi, Ofo ta durƙushe a 2018.

Ma'aunin da masu tsarawa ke bi: tazarar tasha da tasha kamar mita 300, kowane keke a ba shi gurbin ajiya 2 zuwa 2.5, kuma ya yi tafiya 4 zuwa 8 a rana. Keke 200 na son gurbi 400 zuwa 500 ke nan. Babban kuskure shi ne a watsa tashoshi, ɗaya a Arkilla, ɗaya a Kwannawa, ɗaya a Runjin Sambo. Mutum zai isa inda za shi ya rasa wurin ajiyewa, gobe ya koma wa kabu-kabu. Ni a ganina a fara da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo: ƙofa, ɗakunan kwana, ɗakunan karatu, laburare, kowa da katin shaidarsa.

Malamar Tsara Birane:
Injiniya, ka tsallake abin da ya fi cin kuɗi. Da safe kekuna duka za su kwarara wajen ɗakunan karatu, tashar can ta cika, ta ɗakunan kwana ta zama fayau. Dole a tanadi keke napep mai buɗaɗɗen baya yana mayar da su, aƙalla safe da yamma. A sa minti 30 na farko da araha, bayansa kuɗin ya hau, in ba haka ba ɗalibi zai riƙe keke wuni guda.

Sannan ranar Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sirdi baƙi ba ya zaunuwa, batirin makulli ma yana saurin mutuwa. Kowace tasha a yi mata rumfa, a ɗora sola a kai. A zaɓi keke mara sandar tsakiya, sarƙa a rufe, don kada zane, hijabi ko babbar riga su shiga.

Makanike:
Gaskiya ne, Malama. Nan tsidau ne ke kashe taya, musamman bayan damina, don haka a sayi taya mai kauri ko wadda ba a yi wa iska. A bar keke mai giya da yawa, garin ba shi da hawa sosai. Gudu ɗaya ko giya uku na cikin cibiyar taya sun isa. Birki ma na cikin cibiya ya fi, ƙurar hunturu tana cinye robar birkin waje. Kada a cika wa sarƙa baƙin mai, yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa. A goge ta, a ɗiga kaɗan. Notuna a sa waɗanda sifanar kasuwa ba ta kwancewa, in ba haka ba sirdi da feda za su fara ɓata tun makon farko. Kowane mako a duba iska, birki da sifok, kuma a ware kuɗin kayan gyara tun kafin a sayo keken farko.