Neman shawara: yaya zan yi wa matan ƙauyen Tailan wannan magana?

Ummu Khalil: Salamu alaikum 'yan uwa. Karatun kiwon lafiyar al'umma nake yi a Tailan, an tura ni wani ƙauye a yankin Isan in zauna da matan aure kan ƙanjamau da ciwon sanyi. Da an girbe shinkafa mazansu sun tafi cirani Bankok. Sunan kwaroron roba kawai na ambata, wata ta ce ita ba karuwa ba ce, sauran suka kwashe da dariya. Ta ina zan ɓullo musu?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matar nan gaskiyarta ta faɗa. Shirin tilasta kwaroron roba a gidajen karuwai ya fara ne a lardin Ratchaburi a 1989, ya game ƙasar daga 1991, kuma ya yi aiki, don masu kamuwa da ƙanjamau a shekara sun sauko daga wajen 143,000 a 1991 zuwa ƙasa da 20,000 a 2003. To amma a nan mutane suka ɗauka robar ta gidan karuwai ce. Namiji zai sa a can, ya ƙi sawa da matar da yake ajiyewa a ɓoye, wadda suke kira mia noi, ko da farkarsa, wai ya yarda da ita. Sai ya dawo gida lokacin Songkran, bikin sabuwar shekarar Tailan. Matar da ba ta taɓa leƙa waje ba, ita ake kai wa cutar har ɗaki. Ga kuma giya: abokai su sha su yi tatul, a ɗunguma gidan mata, wa ke tuna roba?

Anti Nas: Ummu, kin fara daga inda ake ƙarewa ne. Fara da ciki da jariri. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Tailan ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa, ita ce ta farko a Asiya. Yaba musu da wannan, sannan ki kawo gwajin miji da mata tare. Kuma kada ki je ke kaɗai, ki bar 'yar sa-kan lafiya ta ƙauyen ta yi maganar da harshensu.

Abu Hanif: Dakta, da gaske ne wasu maza a Tailan na cusa duwatsu a gabansu?

Dakta Sani: Gaskiya ne, fang muk suke ce masa. Ana tsaga fatar mazakuta a sa ƙwallayen gilashi ko roba, galibi a kurkuku ko cikin masunta, wani lokaci da reza ɗaya. Yana fasa kwaroro, yana ji wa mace rauni, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Wannan kam ki bar wa namiji ya yi wa maza.

Ummu Khalil: Allah ya saka da alheri. Anti, gobe zan nemi 'yar sa-kan.