Makanikan jirgin sama: su ware da ƙungiyarsu ko su fake a inuwar babba?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Maganar jiya ba mu ƙarasa ba, kuma ina nan kan bakana. Makanikin jirgi bai kamata ya zauna ƙungiya ɗaya da masu lodin kaya da masu sayar da tikiti ba. Bayan gyara, jirgi ba ya tashi sai mai lasisi ya sa hannu, in abu ya ɓaci kuma shi za a nemo da sunansa. Ku dubi kamfanin jirgin sama na WestJet a Kanada, ƙarshen Yunin 2024. Ma'aikata kusan 680 ne kacal a ƙarƙashin AMFA, ƙungiyar makanikai. Sun ajiye aiki yammacin Juma'a, aka soke tashin jirage sama da 1,000, kafin wayewar garin Litinin kamfani ya sauko. Ƙarin kashi 15.5 nan take. Wace babbar ƙungiya ce za ta samo musu wannan?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗauko ranar da aka ci riba ka bar ranar da aka karye. Ita wannan AMFA ɗin ce ta kai mutanenta kusan 4,400 yajin aiki a Northwest ta Amurka a watan Agustan 2005. Kamfanin ya nemi a rage albashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a sallami wajen rabin ma'aikatan. Ashe tuni ya tanadi makanikan haya yana jira. Ranar da aka fita, matuƙa suka tuƙa jiragensu, masu kula da fasinja suka shiga aiki, masu lodi suka yi lodi. Sai Nuwamban 2006 aka rufe maganar, mafi yawansu ba su koma bakin aikinsu ba.

Ɗan Zariya: Ranka ya daɗe, ai Northwest a bakin rami take lokacin. Wata guda bai cika ba ta kai kanta kotu kan karayar arziki.

Baba Injiniya: Haka ne. Amma ka tambayi kanka me ya sa ba wanda ya tsaya musu. A 1998 makanikan suka fice daga IAM, babbar ƙungiyar da ta haɗa su da masu lodi, suka koma AMFA, masu lodi suka zauna a IAM. Ka gaya wa mutum aikinsa bai kai naka ba, sannan ran da ruwa ya ƙare wa ɗan kada ka ce ya bar albashinsa don kai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Anti Lauya: Ku yi haƙuri in shigo. Ku duka biyun kun tsallake doka, kuma ita ce rabin labarin. A Amurka dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926 ce aka shimfiɗa wa kamfanonin jirgin sama a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniyar kamfani da ƙungiya ba ta mutuwa, lokacin gyara ta kawai ke zuwa, kuma ba a shiga yaji sai hukumar sasanci ta tarayya ta sallami ɓangarorin, sannan a jira kwana 30. Shi ya sa makanikan Southwest, su ma 'yan AMFA, suka yi fiye da shekara shida ana jan zance kafin a daidaita a 2019. A ƙarshe sun samu ƙarin kashi 20 da dala miliyan 160 na shekarun da suka wuce. A Kanada kuwa ministan ƙwadago ya tura rikicin WestJet gaban mai yanke hukunci, amma hukumar ƙwadago ba ta hana yajin ba, kamfani ya wayi gari ba shiri. Ƙungiya ɗaya ce, ƙofar da doka ta bari a buɗe ce ta bambanta.

Mai Fasinja: Ni dai tambayata, su mutane sama da 100,000 da yajin WestJet ya hana tafiya ana shirin hutun ranar Kanada, laifin me suka yi?

Ɗan Zariya: Yaya, babu. Amma kai fasinja ka fi kowa buƙatar makanikin da ba ya tsoron cewa jirgin nan ba zai tashi ba. Jirgin Alaska mai lamba 261 ya faɗa teku a Janairun 2000, mutum 88 suka rasu, bincike ya nuna rashin isasshen giris ne a wani dogon kusa da ke juya fiffiken wutsiya. Giris fa! Jirgi ya sauka lafiya a tafa wa matuƙi, wanda ya kwana a ƙarƙashinsa cikin sanyi ba mai sanin sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kowa ya san 'yan uwan nan Wright da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, mutum nawa suka san Charles Taylor da ya ƙera musu injin a 1903?

Baba Injiniya: Wannan ban musa maka ba, na yi kwanan ƙarƙashin jirgi kafin a haife ka. Amma ka lura, a nan gida ƙungiyar NAAPE matuƙa da injiniyoyi ta haɗa wuri ɗaya. Kamfani na iya samo makanikan haya a ɓoye. Samo matuƙa da makanikai a rana ɗaya kuwa, sai dai ya ajiye jiragen.

Anti Lauya: To Baba, in kuɗin da ke kan tebur bai ishi kowa ba, wa ake fara yi wa magana a irin wannan haɗakar, matuƙi ko injiniya?

Ɗan Zariya: Yauwa Anti! Baba, muna sauraro.

Baba Injiniya: Matuƙi mana, ba zan yi muku ƙarya ba. An kira magariba, in na dawo zan gaya muku dalilin da ya sa duk da haka na gwammace in zauna kusa da shi.