Daga Kano zuwa Jidda: nawa ne nisan, kuma awa nawa ake yi a sama?

Maniyyaci daga Fagge: Assalamu alaikum, jama'a. Mahaifiyata za ta tafi Umara, kuma tana fama da ciwon ƙafa, shi ya sa nake son sanin nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, da tsawon lokacin da za ta yi a zaune.

Tsohon alhaji: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Nisan ya kai kusan kilomita 3,400 idan aka auna a miƙe, kuma jirgin da bai yada zango ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka wajen biyar na asuba a lissafinsu, kada tikiti ya ruɗe ka.

Hajiya daga Zariya: Alhaji ya faɗi daidai, amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Ka tambayi kamfanin hanyar da yake bi yanzu, sannan ka nema wa Mama kujerar bakin hanya don ta samu damar miƙe ƙafa.

Maniyyaci daga Fagge: Na gode, Hajiya, gobe zan leƙa ofishinsu.