Jariri na kwalba, mai jego ta daina ci ta daina barci

Yayar mai jego, Rigasa:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. Ƙanwata ce ta haihu, haihuwar fari, cikin bai cika wata takwas ba. Jininta ne ya hau, fuska da ƙafafu suka kumbura, likitoci suka ce in aka jira za ta iya yin jijjiga, sai aka yi mata aiki aka ciro yaron. Yanzu yana kwalba a ɗakin jarirai na wani asibiti a nan cikin gari, da robar abinci a hancinsa. Alhamdu lillahi, nauyinsa na ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Uwar ce damuwata. An sallame ta amma ta ƙi zuwa gida, muna nan kan tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, yau mun shiga sati na uku. Ba ta barci. Duk sanda na farka cikin dare zan gan ta zaune ta ƙura wa bango ido. Abinci kuwa loma biyu ta ture kwano. In aka kira ta ta shiga wajen yaron sai ta toge a bakin ƙofa, wai tsoron taɓa shi take yi. Maganarta ɗaya ce kullum, ita ta jawo masa. Alhali yarinyar nan ba ta taɓa fashin awo ba. Ran suna an yanka rago a gida an raɗa suna, ko tambayar sunan ba ta yi ba.

Duk wanda ya zo dubiya da "ya jikin yaron?" yake farawa, da shi yake ƙarewa. Uwar mijinta ta ce sangarta ce ta 'yan yanzu. Gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Innarmu kuma ta dage sai an mai da ita gida a fara wankan jego da kunun kanwa. Mijin bawan Allah yana can tsakanin shagonsa a Kasuwar Barci da neman kuɗin magani. Ni kuma raina ya ba ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, amma in na furta za a ce na mai da 'yar'uwata mahaukaciya. Ya zan yi?

Ungozoma, Kawo:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya, ya ba ta lafiya. Ba zan iya yanke mata ciwo daga nan ba, amma abin da kika lissafa ba sangarta ba ce.

Mata da yawa sukan yi kuka da saurin fushi bayan kwana biyu ko uku da haihuwa, kuma yakan wuce da kansa kafin sati biyu. In ya haura sati biyu, ga rashin ci, ga rashin barci ko da an samu damar yi, ga ɗora wa kai laifi, ga gudun jariri, to ciwon damuwa na bayan haihuwa muke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan larura bayan haihuwa. Wadda aka yi wa aikin gaggawa aka raba ta da ɗanta tun a tiyata, ta fi saurin kamuwa.

Ba sai kin fara da Barnawa ba. Gobe da safe in likitoci sun zo zagaye, ki ja babbar sista gefe ki faɗa mata yadda kika faɗa mana. Ku kuma koma wajen likitan matan da ya yi mata aiki, dama ya kamata a ci gaba da auna jininta, don hawan jinin ciki ba ya sauka ranar da aka haihu. Akwai wata takarda mai tambayoyi 10 da aka fito da ita a Edinbara a 1987, da ita ake tantance masu jego, minti kaɗan ake cikewa. In likita ya ga dacewar a tura ku Barnawa, ku je. Asibitin gwamnatin tarayya ne, kuma masu rashin barci, masu farfaɗiya, masu damuwa duk suna zuwa su ga likita su koma gida a ranar. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha ba tare da an yaye yaro ba.

Sai dai in ta fara cewa gara ta mutu, ko tana jin muryoyi, ko tana surutan da ba kan gado, ko ta ambaci cutar da kanta ko yaron, kada ki jira gari ya waye, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Batun "ni na jawo": ki roƙi likita ya faɗa mata da bakinsa cewa irin wannan hawan jinin daga mabiyiya yake tasowa, ya fi kama masu cikin fari, kuma awon da ta riƙa zuwa ne ya sa aka gane da wuri. Daga bakinki lallashi za ta ɗauke shi, daga bakin likita bayani ne.

Uwar bakwaini, Kakuri:

Anti, naki ya taɓa ni. Tawa 'yar yanzu tana aji uku a firamare, ita ma kwalba ta yi. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne ni ce uwa amma komai wasu ke yi mata, ni sai leƙe ta gilashi.

Abin da ya dawo da ni hayyacina aiki ne da aka ba ni. Wata sista ta zaunar da ni ta koya mini tatsa da hannu, bayan kowane awa uku, har da dare, ta ce wannan nonon babu mai iya ba 'yar sai ni. Ran da aka ɗora mini ita a ƙirji, daga ita sai kunzugu da hula, aka ɗaure mu da zani, na ji numfashinta a jikina, ran nan na ci tuwo har da ƙari. Goyon kangaru suke ce masa. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro shi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan, yanzu kuma ko'ina ana yi, don yana riƙe ɗumin jikin yaro, yana kuma sa nono ya zo. Ki tambaya ko naku ya kai a fara. Kada ku tura ta ciki da ƙarfi. Ki shiga tare da ita in an yarda, ta wanke hannu, ta fara da taɓa tafin ƙafarsa kawai.

Sannan ki duba cikin matan barandar nan, ki samo wadda ɗanta ya kusa fita, ki haɗa su hira. Masu zuwa dubiya kuma ki rage su. Wasu ba abin da suke kawowa sai labarin bakwainin wane da bai yi rai ba.

Magidanci, Unguwar Sanusi:

Hajiya, ni ban ga abin faɗa da Gwaggo ba. A yi mata addu'a, a yi mata tofi, ta ga likita, ɗaya bai hana ɗaya ba, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kawo mai tsawa da bulala kan macen da ɗinkinta bai warke ba.

Mijin nake so ki kama. Mu maza in abu ya tsorata mu sai mu ɓuya a bayan neman kuɗi. Ki same shi ki ce, "Malam, matarka ma jinya take." Ya rufe shago bayan la'asar ya zo ya zauna kusa da ita, ko bai ce komai ba. Shi ne kuma zai iya taka wa mahaifiyarsa burki cikin ladabi, ke in kika yi ya zama rikicin dangi. In kuɗi sun yi nauyi, manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ya je ya yi bayani, ba abin kunya ba ne.

Kakar yara, Tudun Wada:

To ni dai 'ya'yana tara, duk da ruwan zafi da kunun kanwa na yi jegonsu, ga ni nan garau. Ku 'yan boko komai na iyaye sai kun kushe. Amma gaskiya yarinya tana bukatar uwarta kusa da ita, wannan kam innarku ba ta yi ƙarya ba.

Ungozoma, Kawo:

Mama, Allah ya ƙara lafiya, ba kushe ba ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a jikin masu jego, suka kuma alaƙanta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai hawan jini da sabon ɗinki ba ta cikin waɗanda za a gwada wa. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a yi mata farfesu marar gishiri sosai, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi. Zuwan Inna kuwa na goyi baya ɗari bisa ɗari, ta zo nan asibitin.

Yayar mai jego, Rigasa:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na yi wa babbar sista magana, ta rubuta mana mu ga likitan mata ran Alhamis, kuma ta ce in numfashin yaron ya ci gaba da daidaita za a gwada ɗora mata shi. Mijin ya zo jiya da yamma, ta sha shayi rabin kofi a hannunsa. Barcin dai har yanzu babu. Inna ta yarda za ta karɓe ni kwanan dare, kunun kanwar ne ba ta haƙura da shi ba tukuna. Ungozoma, in da hali ki rubuto mini bayanin nan na Zariya a taƙaice yadda zan karanta mata, don in daga bakina ne ba za ta ji ba.