Fijo 504 wagon: a sauke mata inji ko a bar ta da nata?

Sabon Mai Wagon: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na karɓi Fijo 504 wagon daga hannun kawuna, haɗin Kaduna ce, mai layin kujeru uku, giyar ƙasa. Ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya. Mun sa batir, mun ɗiga mai a kabureta, ta tashi, sai dai tana ɗan hayaƙi da safe, kuma allurar zafi na hawa idan an shiga cunkoso. So nake in riƙa kai iyali gida da ita, wani lokacin in ɗauko buhunan hatsi daga ƙauye. Ta ina zan fara?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba. Tsohuwar 504 ba ta da amfani a yau sai an sauke injinta an ɗora na Toyota. Bodin ka riƙe, shi ne abin so a jikinta. Injin kuwa ka sayar wa masu injin niƙa. Ka nemi 3Y ko 4Y na Hiace ɗan Beljiyam, a ɗaura maka, ka huta. Duk wanda ya ce maka ka gyara na Fijo, so yake ka zama ɗan gidan gareji.

Baba Direba: Subhanallahi. Yaro bai ko san motarsa ba, har an aike shi kasuwar inji.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Baba, Allah ya ƙara girma, ni kullum a cikin kayan nake. Kwantak ɗin 504, wato abin da ke datsa wuta a cikin distirbuta, wanda ake kawowa yanzu ba irin na zamaninku ba ne. A sa yau, kafin wata ya zagayo ya ƙone. Gaskit haka, famfon mai haka. Masu gyaran Fijo na gaske kuma tsufa suke yi, yaran da ke gareji yanzu Toyota suka buɗe ido suka gani. Idan ta tsaya masa da dare tsakanin Zariya da Funtuwa, da mata da yara a ciki, wa zai taɓa masa ita?

Baba Direba: Shi da kansa zai taɓa ta, in ya koya. Na yi shekaru ina jan wagon a hanyar Kano zuwa Jos, fasinja cike, kaya a sama. Sukudireba da sifana lamba 13 da ɗan guntun takardar yashi, da su ake tashin 504 a bakin titi. Motar da Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983, amma kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Kana ganin don injin ba shi da kyau aka yi ta saye duk tsawon shekarun nan?

Ɗan Ƙofar Ruwa: An yi ta saye don gwamnati ce babbar mai saye, Baba, kuma mai yana araha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya canza, injin Toyota ya fi sauƙin shan mai.

Oga na Panteka: Ku tsaya. Maganar tarihi ba za ta gyara wa yaron nan mota ba. Ni aikina ke nan, na ɗora injin Toyota a 504, na kuma sauke wanda wasu suka ɗora. Bari in faɗi abin da mai sayar da inji ba zai faɗa ba.

Ka shiga ƙarƙashin motarka ka duba, ba za ka ga firofela tana juyawa a fili ba kamar ta Hiace. Tana cikin wani dogon bututun ƙarfe da aka ɗaure daga bayan giyabos har zuwa aksil na baya. Wannan bututun ba ado ba ne, shi ke riƙe aksil ɗin a mazauninsa, shi ke kai ƙarfin turawar tayoyin baya zuwa jikin mota. To idan ka kawo injin Toyota da giyabos ɗinsa, ina za ka ɗaura bututun? Dole ɗaya cikin biyu. Ko ka bar giyabos na Fijo a yanka faranti a haɗa shi da injin Toyota, a yi dabarar kulochi, ko ka cire bututun gaba ɗaya a ƙera wa aksil sababbin hannuwa da walda. Na farkon idan farantin ya kauce ko da kaɗan ne, kulochi da bodin giya za su yi ta ci. Na biyun kuwa ran iyalinka ka ɗora a kan waldar wani.

Sannan injin 504 a kwance yake a karkace, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Na Toyota ba zamansu ɗaya ba. Sai an sake mazaunin inji, an sake salansa, an sake hanyar ruwa, wani lokacin an daddoke tukunyar baƙin mai don kada ta taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Amma ana yi, Oga, kuma suna tafiya.

Oga na Panteka: Ana yi mana. Ban ce ba ya yiwuwa ba. Na ce ba aikin sati ɗaya ba ne, kuma ba kowane mai walda ne zai yi shi daidai ba.

Injiniya: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne hujjar shan mai. Injin da ke cikin yawancin wagon ɗin nan shi ne XN1, mai cc 1971, silinda huɗu, kabureta. 3Y kusan girmansu ɗaya, lita 2 shi ma. 4Y ya fi shi girma, lita 2.2. Dukkansu tsohon tsari ne, kuma yawancin waɗanda ake samu a kasuwa masu kabureta ne. Ta yaya za a cire injin lita 2 mai kabureta, a sa wani lita 2 mai kabureta, a jawo nauyi iri ɗaya, a ce mai zai ragu sosai? Ƙananan injinan Corolla da ke da sauƙin mai da gaske, a gicciye suke zama, tayoyin gaba suke ja. Wannan wata duniya ce daban.

Abin da ke faruwa shi ne mutane na kwatanta gajiyayyen injin Fijo da kaburetarsa ta lalace da injin Beljiyam mai sauran ƙarfi. Dole na biyun ya yi nasara. A kwatanta lafiyayye da lafiyayye mu gani.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Injiniya, a takarda kana da gaskiya. A kasuwa kuwa ina za ka samo lafiyayyen XN1? Na Hiace ina iya nuna maka goma gobe da safe.

Oga na Panteka: Ba sai ya samo ba, nasa zai mayar sabo. Abin da mutane ke mantawa ke nan. Silindar injin 504 silibi ne da ake zarewa. Ba a kai bulok wajen masu faɗaɗa ramin silinda. A sayi silibi da fistin da ringi saiti guda, a zare tsofaffin a zura sababbi. Sarƙa ke jan taimin ɗinsa, ba bel ba, ba ka fargabar ya tsinke maka a hanya. Wahalar guda ce, kuma a nan na yarda da Ɗan Ƙofar Ruwa: samun kaya na ƙwarai. Jabu ya yi yawa. Sai ka tafi da wanda ya san kaya.

Kuma ma wa ya ce injin ya mutu? Hayaƙin safe kaɗai ba hujja ba ne. Motar da ta daɗe a ajiye robobin balb ɗinta kan bushe, baƙin mai ya riƙa zurara cikin dare. Idan hayaƙin ya ɗauke bayan ta yi zafi, ƙaramin aiki ne. A auna matsin kowace silinda da geji tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Ku maza kun kama inji kun riƙe. Ni wagon na yi amfani da ita wajen ɗauko kaya daga Kantin Kwari, kuma abin da ya kusa halaka mu ba inji ba ne, birki ne. Ƙanena, kafin ka sa matarka da 'ya'yanka a motar da ta shekara tana ajiye, a canza man birki da robobin birki duka, da tayoyi. Taya ko da zanenta bai cinye ba, in ta tsufa a rana fashewa take. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa, musamman wajen ƙafar direba da ƙarƙashin kujerar baya. Idan ƙasan ya rube, ko injin jirgi ka sa mata aikin banza ne.

Baba Direba: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Ga kuma ƙari: wagon ba salun ba ce da aka ja wa baya. Ta fi ta tsawo tsakanin tayoyi, mita 2.9 ce, salun 2.74. Sifirin huɗu ne a bayanta, biyu kowane gefe, don kaya aka yi ta. Birkinta na gaba faifai ne, na baya ganga. Akwai wani ɗan balb a baya mai daidaita ƙarfin birki gwargwadon nauyin da aka ɗora. Yara makanikai in sun ga yana yoyo sai su cire su haɗa bututu kai tsaye. Ranar da ka taka birki babu kaya a kan jiƙaƙƙen titi, bayan motar zai riga gabanta. Ka duba ko naka yana nan.

Sabon Mai Wagon: Na gode Baba, na gode Hajiya. To zafin fa? Wani makanike a unguwarmu ya ce in kawo ya cire tamostat, wato balb ɗin da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi, ya ce na ƙasar sanyi ne.

Injiniya: Kada ka yarda.

Baba Direba: A nan kam ni da Injiniya za mu raba gari. Mu duk cirewa muke yi, kuma mun yi shekaru lafiya.

Injiniya: Baba, da girmanku, ku a doguwar hanya kuke, injin ya wuni da zafinsa. Shi a cikin gari zai fi yawo. In babu tamostat, da safe da lokacin hunturu injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci ringi. Kuma cire shi ba ya magance abin da ya kawo zafin. Tunda a cunkoso allurar ke hawa, ni fanka nake zargi. Fankar 504 ta asali tana da kulochin maganaɗisu, sai zafi ya kai take kamawa. In ɗan gawayin da ke kai mata wuta ko makunnin zafin ya lalace, za ka gan ta tana juyawa amma ba ta jan iska. Sai kuma lagireto da laka ta toshe. Kan injin alminiyam ne, ruwan rijiya zalla yana cin sa, a riƙa sa ruwan sanyaya inji.

Oga na Panteka: Haka ne. Fankar ko a gyara ta, ko a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, ko a sa ta lantarki a gaban lagireto. Wannan irin canjin ni ina goyon baya. Haka ma cire kwantak a sa na lantarki a cikin distirbuta, kukan Ɗan Ƙofar Ruwa ya ƙare ke nan, babu abin da zai ƙone. In kana son sauƙin mai a doguwar hanya, ka nemi giyabos mai giya 5 na 505, dangi ɗaya ne, ya fi shiga da sauƙi nesa ba kusa ba a kan duk wani na Toyota.

Ɗan Maraɗi: Wajenmu da yawa sun koma dizal na Fijo ɗin kansa, mai lita 2.3. Ba gudu, amma ga jan kaya. A Senegal ma irin wagon ɗin nan ce motar haya tsakanin garuruwa, mai mutum bakwai. Sai dai a Najeriya kuɗin dizal ba zai bar ku ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: To kun gani. Fanka a canza, kwantak a canza, giyabos a canza, silibi da fistin a canza. Ku haɗa kuɗin duka ku gaya mini in bai kai na injin Beljiyam ba.

Oga na Panteka: Ko ya kai, bambancin shi ne wannan ana yin sa ɗaya bayan ɗaya, motar na tafiya, albashi na shigowa. Naka sai an tara kuɗin a dunƙule, motar ta kwanta a gareji. Kuma lambar inji tana cikin takardun mota. In ka canza sai ka riƙe rasit, ka je a gyara takardu, in ba haka ba kai da masu duba takardu a hanya ne. Injin Beljiyam ɗin ma ba sabo ba ne, ba ka san wahalar da ya sha a inda ya fito ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Hajiya Mai Atamfa: Gas ɗin nan na CNG fa da ake ta magana?

Injiniya: Injin kabureta yana karɓarsa, aikin ba shi da wuya. Amma ƙarfi zai ɗan ragu, tukunyar na da nauyi, kuma wurin kujerar baya ko wurin buhunansa za ta cinye. Sannan tukunya ce mai ɗaukar matsi mai tsanani, wajen bar 200 a ma'aunin matsi, ba ta gas ɗin girki ba ce. A birnin Benin na jihar Edo a 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas saboda tukunyar da aka haɗa da walda. In zai yi, sai a cibiyar da aka amince da ita, kuma sai ya tabbatar akwai inda zai sha gas a hanyar garinsu.

Sabon Mai Wagon: Ga abin da zan yi. Asabar zan kai ta a yi birki, a duba tsatsa, a auna matsin silinda. Sai a wanke lagireto a duba fanka. In ta samu, zan cika tanki in je Kaduna daga Zariya in dawo, in sake cikawa, mu ga ainihin abin da take sha. Zan kawo muku lissafin nan.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ka kawo. In silinda biyu suka faɗi a gejin nan, ka san inda shagona yake.

Oga na Panteka: In biyun maƙwabtan juna ne, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu, ba inji ba. A auna da injin da zafinsa, a cire fulogi duka huɗun, a danne totur har ƙasa. Ka rubuto mini lambobin kafin ka bari kowa ya kwance ko noti ɗaya.